Bokiti na Biyu

Ranar Talata da ƙarfe takwas saura kwata na safe aka shiga da matata ɗakin tiyata. Ƙarfe uku na yamma aka fito da wata mata mai kama da ita.

Zuciyar ta gyaru, wannan ban taɓa musu ba. Likitan ya nuna mini a hoto har sau biyu, yana murmushin wanda ya ɗinke rigar da kowa ya ce ba ta ɗinkuwa. Kan ne bai nuna mini ba. Sa'a biyu da minti goma inji ne yake yi mata aikin zuciya da huhu, a cikin wannan lokacin wani abu ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kumburi, suka ce. Yakan faru, suka ce. Da ta farfaɗo ta dube ni, ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da take yi wa mai karanta mitar wuta.

Tela nake ce mata tun kafin aure, don a bakin keken ɗinki na fara ganinta. Shekara talatin da huɗu muna tare. Bayan aikin ta yi wata goma sha huɗu tana kirana bawan Allah. Ta manta yadda ake zura zare a allura, amma ba ta manta ana ba baƙo ruwa ba, kullum sai ta tambayi 'yarmu ko an ba ni. Ciwon huhu ne ya ɗauke ta daga ƙarshe. Zuciyar, an ce, ita ce ta ƙarshen tsayawa. Aiki ya yi kyau.

'Yarmu ɗaya ce, likitar dabbobi. Ita ta lallashi uwarta ta yarda da tiyatar, ita ta kawo takardar aka sa hannu. Ban taɓa ce mata ke kika jawo ba. Ni ba mai hayaniya ba ne. Shekara talatin na yi ina aiki a laburare, na san yadda ake hukunta mutum da shiru. Na dai daina kiranta da sunan da muke kiranta a gida, na koma ce mata Likita.

Shekara uku bayan rasuwar ta shigo wata Asabar da hantsi, ta tsaya a bakin ƙofar falo da jakarta a kafaɗa.

"Baba, aiki na kawo maka."

"Na yi ritaya, Likita. Har takarda aka ba ni mai hatimi."

"Mutum muke nema wanda bai san komai ba."

"To kin zo gidan da ya dace. Wa ya yi miki kwatance?"

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna ta yi mini bayani. Tun bayan rasuwar ta bar duba karnuka da kyanwoyin masu hali, ta shiga cikin wasu masu bincike. 'Yan tumaki suke ɗorawa a kan irin injin da aka ɗora uwarta, tsawon lokaci ɗaya. Sa'a takwas kafin aikin, rabinsu ana yi musu allurar sitiroyid, rabi kuma ruwan gishiri kawai. Kwalabe iri ɗaya, launi ɗaya. Mai harhaɗa magunguna ce kaɗai ta san wanda ya sami wanne, ta rubuta ta rufe a ambulan, ta kulle a durowa.

"Sitiroyid. Ƙwayar da aka ba ni lokacin da asmata ta tashi?"

"Ɗan'uwanta ne."

"Shi zai tsare ƙwaƙwalwa?"

"Ba mu sani ba. Kumburi yake kwantarwa. In kumburin ne ke ɓarnar, kuma maganin ya riga shi isa wurin, wataƙila. Muna bukatar wanda zai duba su bayan sun farfaɗo ya ba su maki, wanda ba ruwansa da mu."

"Uwarki ta tafi, ke kin koma kiwo."

Ta ajiye takardar bayanin aikin a kan tebur, bisa littafin da ke nan kwance tun ranar tiyatar da tsinken ashana a shafi na ɗari biyu da sha biyu. Ta fita.

Na je ranar Litinin. Na gaya wa kaina zan je ne in ga inda ake wahalar da tumaki da sunan ilimi. Gaskiyar ita ce agogon falo ya fara yi mini ƙara.

Dogon gini ne a bayan makarantar likitocin dabbobi, mai warin busasshiyar ciyawa da ruwan wanke ƙasa. Keji jere hagu da dama, kowanne da tunkiya da ɗanta. Mai kula da su wani gajeren dattijo ne da kowa ke kira Dogo. Lamba ce a kunnen kowane ɗan tunkiya, amma shi ya raɗa musu suna duka: Lauya mai yawan baki, Kansila da ba a ganinsa sai lokacin abinci, Direba mai tunkuɗe 'yan'uwa.

"Farfesa ta hana suna," in ji shi, yana nufin shugabar binciken. "To ni na kira lamba, ba ta amsa ba."

Aikina a wani ɗaki ne na ƙarshe. An jera allunan katako an yi lungu mai kwana biyu. A ƙarshensa tumaki biyu ne a bayan waya, ɗaya uwar ɗan, ɗaya baƙuwa. Tun kafin tiyata ake koya wa ɗan hanyar har ya haddace. Kwana biyar bayan tiyata, ni da Dogo mu ɗauko shi daga kejinsa, mu sake shi a bakin lungun. In ya miƙe wajen uwarsa, maki uku. In ya tsaya yana wasi-wasi kafin ya zaɓe ta, biyu. In ya je wajen baƙuwa sannan ya gyara, ɗaya. In bai san inda ya dosa ba, sifiri. Tsakanin uku da biyu babu komai sai idona.

Lamba bakwai ne ya fara cin sifiri. Ya bi lungun daidai, ya fito fili ya tsaya. Uwar tana kuka har muryarta ta dushe, tana dukan wayar da goshi. Shi kuwa ya dube ta, ya dubi ɗayar, ya sake dubanta, cikin ladabi. Na san wannan kallon. Na rubuta sifirina, na fita baranda na daɗe ina face hanci.

"Ƙurar ciyawa ce, Malam," in ji Dogo daga bayana. "Kowa tana yi masa haka a makon farko."

Doka ta hana 'yata shiga wajen kejin bayan an gama tiyata, don ita ke sa su barci a kan tebur, kada idonta ya karkata. Doka ta kuma hana mu yin zancen tumaki ni da ita. Da yake ba mu da wani zancen, sai muka fara da shiru a mota, ita tana tuƙi ni ina gyara mata. Daga baya muka koma zagin masu babur tare. A mako na uku na ce wani abu game da hular wani ɗan sanda, ta yi dariya har ta kusa hawa gefen titi. Rabon da in ji wannan dariyar tun uwarta na gane ni.

A mako na huɗu na lura da bokitan. Kowane keji yana da shuɗin bokitin ruwa guda. Amma wasu suna da na biyu a gefe, tsohon bokitin fenti.

"Dogo, waɗannan manyan baƙi ne?"

"Mashaya ne. Kwana biyun farko bayan aiki, kafin azahar sun shanye bokiti, fitsari kuwa kamar an kunna famfo. Ƙafata ta gaji da zirga-zirga, na ƙara musu."

"Ka gaya wa Farfesa?"

"Ruwa ne fa, Malam. Sai na cika takarda kafin in ba dabba ruwa?"

Ya wuce da buhunsa. Ni na tsaya. Na tuna lokacin da na sha ƙwayar nan ta asma, kwana goma ina yawo da buta cike da ruwan sha, Tela tana ce mini raƙumin gidanta, tana cewa za ta ɗinka mini salka a cikin riga. Likitana ya ce maganin ne, yana ɗaga sukari yana kawo ƙishi. Ambulan yana can a kulle a durowa, amma ga abin da ke cikinsa a jere a ƙasa, da sauran farin fenti a baki.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, ofishin Farfesa taku ashirin ne. Maimakon haka na buɗe littafin makina na duba baya. Cikin goma sha huɗun da na riga na gwada ban san komai ba, masu bokiti biyu sun ɗan fi. Kaɗan ne, amma sun fi. Wani abu ya motsa a ƙirjina da na zaci tare muka binne shi da Tela. Na rufe littafin. Na ce ai ni mutum ne mai gaskiya, shekara talatin ban bar littafi ya kwana a kantar da ba tasa ba, sanin bokiti ba zai canja mini ido ba.

Mako biyar na yi a haka.

Wata Laraba muka saki Lauya, mai bokiti biyu. Ya fito daga lungun ya tsaya, ya dubi baƙuwar, numfashi uku, sannan ya ruga wajen uwarsa. Na rubuta uku. Bayansa Direba, mai bokiti ɗaya. Ya fito ya tsaya, numfashi uku, ya tafi wajen uwarsa. Na rubuta biyu. Ban ji komai ba a lokacin. Sai da na zauna shan shayi na buɗe littafin, na ga abin da na rubuta a gefen kowannensu da hannuna, kalmomi iri ɗaya: ya ɗan tsaya.

Saura mako biyu a buɗe ambulan. Tumaki arba'in, aikin shekara uku. In sakamakon ya yi kyau za a ba su izinin babban bincike, kuma 'yata ce za ta riƙe shi. In na yi magana, mai yiwuwa a kwashe duka a zuba a shara, da dariyar motar a ciki. In na yi shiru babu mai sani. Dogo bai san abin da ya yi ba, tumaki kuma ba sa kai ƙara.

Kwana huɗu na gwada shirun. Abin da ya hana ni sakat wani mutum ne da ban sani ba. Ina ganinsa zaune a benci a ƙofar ɗakin tiyata, nan da wasu shekaru, an ce masa kada ya damu, akwai allura, an gwada. A cikin abin da aka gwada ɗin akwai ukun da na ba Lauya. Na karanta littattafai da yawa a kan maƙaryata, duk marubutan sun manta su faɗi cewa yawancinsu mutanen kirki ne masu fata.

Ranar Litinin da safe, da ta tsayar da mota a gindin bishiyar da take ajiyewa, na ce, "Likita, na san waɗanda aka yi wa allurar gaske."

Ta kashe injin. "Wa ya gaya maka?"

"Bokiti."

Na yi mata bayani. Ba ta katse ni ba. Hannunta biyu suna kan sitiyari kamar har yanzu tafiya muke.

"Tun yaushe?"

"Mako biyar."

"Mako biyar, Baba." Ta juyo. "Kai da ba ka ma yarda da maganin ba."

"Ban yarda da shi ba. So nake ya yi aiki. Ashe ba abu ɗaya ba ne."

"Ka san abin da ya sa na kawo ka? Duk duniya kai kaɗai na tabbata ba za ka yi mini alfarma ba. Ko maki ɗaya. Na ce wannan tsohon in ya ce abu ya yi, to ya yi."

"To ga shi na yi miki. Ki yi haƙuri, ban saba ba."

Ta kifa goshi a kan sitiyarin. Na zaci kuka take. Da ta ɗago idonta a bushe yake, kuma ya fi kuka muni.

"Da ka yi shiru ba wanda zai sani."

"Na gwada. Ba daɗi."

Ta buɗe ƙofa. "Taso. Da bakinka za ka gaya mata."

Farfesa ƙaramar mace ce mai tabarau a goshi da wani a hanci. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tambayi ranar da na fara ganewa, ta rubuta. Ta sa aka kira Dogo. Ya shigo da hularsa a hannu, yana jin abin da ake ciki fuskarsa ta faɗa.

"Ruwa na bayar, ranki ya daɗe. Ƙishi suke ji."

"Na sani. Ba kai ka yi kuskure ba, mu ne muka zauna a ofis muka tsara komai, ba wanda ya tambayi mai ɗaukar bokiti. Daga yau kowane keji bokiti biyu, ko ya sha ko bai sha ba. Ƙishin nan kuma zai shiga rahoto, za mu fara auna musu sukari. In magani yana da illa gara mu ji daga tunkiya."

Sai ta nuna sama da biro. A silin ɗakin lungun akwai kyamara da aka sa don auna lokaci. Duk gwajin yana ciki, kuma ba a ganin keji balle bokiti. Za a aika wa wasu mutum biyu a wata makaranta, waɗanda ba su taɓa jin warin wurin ba, su ba da maki daga farko. Wata uku zai ɗauka. Makina kuma za a ajiye gefe, a rubuta dalili a rahoto.

"Da sunana?"

"Za mu ce mai ba da maki na farko."

"Madalla. An fara kirana na farko a wani abu."

Haka aka kore ni daga aiki, karon farko a rayuwata, ina da shekara saba'in da ɗaya. Washegari na hau bas na koma. Ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce in tafi. Dogo ya miƙo mini tiyo. Bokiti tamanin ba wasa ba ne ga mutum ɗaya, kuma shi ya ce ni na jawo masa.

Kwana tara 'yata ba ta yi mini magana ba. Na ga yadda abin yake daga ɗaya gefen, kuma dole in ce ta fi ni iyawa. Rana ta goma ina ɗaure takalmi na ji hon a ƙofar gida, sau biyu, gajeru.

Da wata ukun suka cika, wata safiya aka buɗe ambulan, a wani ƙaramin ɗaki mai fanka mai ƙara. Mai harhaɗa magunguna ta karanto lambobi, Farfesa tana haɗawa da makin baƙin nan biyu a allo. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da rigar aiki jiƙe. Cikin ashirin da aka yi wa allurar, goma sha huɗu sun miƙe wajen uwayensu. Cikin ashirin na ruwan gishiri, tara. A littafina goma sha bakwai ne da takwas.

Ba wanda ya yi tafi. Farfesa ta sauke tabarau ɗaya ta ɗora ɗayan.

"Alama ce, ba tabbas ba. Tumaki arba'in ba mutane ba ne. Amma ta isa a ce mu ci gaba, kuma wannan karon ba mai ture ta da bokiti."

"Shekara nawa kafin a kai ga mutane?" na tambaya.

"In ta tabbata, wataƙila goma. Mai yiwuwa kuma ba za ta tabbata ba."

"Zan yi ƙoƙari in jira. Ban yi alkawari ba."

Da aka watse na tarar da 'yata a wajen kejin, yanzu doka ta sake ta. Tana tsaye gaban na lamba bakwai. Ya girma, ya yi ƙaho kamar yatsa. Yana kwance jikin uwarsa yana tuƙa. Dogo ya ce sai da ya yi mako shida kafin ya koma bin ta, kuma har yanzu in ta yi kuka sai ya ɗan waiga ya tabbatar. Wannan ba ya cikin maki. Na ruwan gishiri ne, na ji an karanto.

Uwarta tana ce mata Maɓalli, don da aka haife ta ba ta fi haka ba. Na buɗe baki, sunan ya fito da tsatsa.

"Maɓalli."

Ba ta juyo ba, amma kafaɗarta ta ji.

"Takardar nan da kika kai wa uwarki. Ni ya kamata in kai. Na san ba ta da wata uku in ba a yi aikin ba, na karanta komai, na fi ki sani. Tsoro ne ya hana ni, ke kika ɗauka. Sai na ga ya fi sauƙi in bar miki ita gaba ɗaya."

Ta juyo ta dube ni.

"Shekara uku da rabi, Baba."

"Ina karatu a hankali."

Ta yi wani sauti, rabi dariya. Ta karɓi tiyon daga hannuna ta ce ina jiƙa mata takalmi, in matsa. Na matsa, amma ba da nisa ba.

Wannan na samu na faɗa, ko da a makare. Akwai wata maganar da ba ta da sauran wurin zuwa. Ranar Talatar nan, da ma'aikata biyu suka zo tura gadon, ina zaune a gefe da littafi. Tsoro nake ji, kuma ni in ina jin tsoro karatu nake yi. Tela ta miƙo hannu daga cikin zanen asibiti ta taɓa mini gwiwa.

"Malam, ajiye littafin nan ka dube ni."

Na ce, "Bari in kai ƙarshen shafi."

Layi huɗu ne suka rage. Da na ɗago, ƙofar tana lilo. Amsar da ta nema na faɗa daga baya, sau da yawa, amma ga wata mata mai ladabi da take tambaya ko an ba ni ruwa. Ita ba ta ji ba.

Na ajiye, Tela. Ga ni, ke nake kallo.